Ni Ce Na Nuna Dammunan Iliya

Zuwa ga Rabaran Shugaban Majalisar Gunduma,
da dattawan da ke zama tare da shi a Malumfashi.

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da dukan ikilisiyoyin da Allah ya danƙa a hannunku. Ina yi muku barka da kaka, da fatan kowa ya kai amfanin gonarsa gida lafiya.

Sunana Hannatu, gwauruwa, matar marigayi Bitrus, daga ƙaramar ikilisiyar ƙauyenmu da ke bayan Kafur. Ni ce uwar Markus, shugaban zumuntar matasan da kuka sa ƙarƙashin horo saboda sun karɓi Iliya a cikinsu. Karatuna bai wuce na ajin mata da matan mishan suka yi mana a gindin tsamiya ba, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri da hannun. Na so in aiko muku da takardar nan a rufe. Sai na tuna hukuncinku bai zo mana a rufe ba, a kan mumbari aka karanta shi a kowace majami'a ta gundumar nan, har yara suka haddace sunayen. To, ni ma ina roƙo a karanta tawa a inda aka karanta taku.

Kuka na kawo muku. Amma gara in faɗa tun yanzu, cikin waɗanda nake ƙara har da ni kaina, kuma laifina ya fi na kowa nauyi a wurina.

Na ɗaya, wane ne Iliya.

A takardarku kun kira shi wani ɗan daudu da ya fito daga Funtuwa. Ba daga Funtuwa ya fito ba, Rabaran. Daga gidan da ke jingine da dangarmu ya fito. Ni na ɗora wa uwarsa ruwan wankan jego, kuma da ta rasu tun bai yi wayo ba, a gidana ya riƙa cin abinci, kwano ɗaya da autana Markus. Bahago ne, mai sanyin hali, ba ya son kokawa, ba ya bin yara farautar gafiya. Inda ya fi so shi ne bakin murhu, yana tsince mini wake yana tambayar yaushe ake saka daddawa. Mu matan unguwa mu muka laƙaba masa uwargida, muna ta shewa. Shi ma yakan yi dariya tare da mu, don ba shi da yadda zai yi.

Da ya girma sai dariyar ta koma habaici, habaicin ya koma zagi a bakin rijiya. Wata rana ya ɗaure 'yan kayansa ya tafi Funtuwa, ya shiga sayar da abinci a tasha tare da 'yan daudu. Ba ɓoyayyen abu ba ne. Dattawanmu kansu in sun kai auduga sukan biya ta wurinsa su ci shinkafa da miya, ya ƙi karɓar ko kwabo daga hannunsu. Ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce cikinsa ya ɓaci ba.

Bana da damina ubansa ya kwanta ciwo. Iliya ya bar sana'arsa ya dawo, shi ne wanka, shi ne wanki, shi ne juya tsoho a kan tabarma, har Allah ya karɓi abinsa. Matasanmu suka haƙa kabarin, kamar yadda suke yi wa kowa.

Na biyu, abin da matasa suka yi.

Bayan an share makoki Iliya ya je taron matasa. Ba ni wurin, amma na ji daga bakin Markus, na kuma ji daga bakin wasu, maganar ɗaya ce. Iliya ya miƙe tsaye ya ce musu: "Ba zan ruɗe ku ba. Ni tun da nake ban taɓa jin son mace ba. A Funtuwa da namiji na zauna. Na yi addu'a, na yi azumi, abin bai fita ba. In za ku bar ni in zauna cikinku haka nan, na gode. In ba ku iyawa, ku faɗa mani yanzu in tashi." Can sai wata yarinya ta muskuta ta matsa masa wuri a kan benci, ya zauna, aka ci gaba da taro.

Sharaɗin da suka gindaya masa shi ne wanda ke kan kowa: ya zo addu'a, ya zo karatun Maganar Allah, ya fito gayya, ya kiyaye mutuncin zumunta. Washegari Markus da ƙafarsa ya je ya gaya wa fastonmu komai. Takardarku ta ce matasa sun ɓoye maganar. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma fasto yana nan da ransa, a tambaye shi.

Kada ku ɗauka na zo in ce abin da Iliya ya faɗa daidai ne. Tun ina budurwa aka koya mini cewa zunubi ne, kuma har yau ba wanda ya koya mini wani abu dabam. Ban zo gardama da ku a kan Maganar Allah ba, kun yi makarantar fastoci, ni ban yi ba. Tambayata ƙarama ce. In mutum ya zo ƙofarmu da ƙafarsa, ya faɗi abin da ke cikinsa ba tare da an kama shi ba, me ake yi da shi? Yaranmu sun ba da amsarsu, sun matsa masa wuri. Ku kuma kuka ce ko dai ya yi aure kafin shekara ta juyo, ko a cire sunansa. Na zuba kunne in ji wane dattijo ne zai fara miƙa 'yarsa don wannan magani. Har yau shiru nake ji, kuma ban ga laifinsu ba, don ni ma da ina da budurwa a ɗaka ba zan bayar ba. Shi kansa Iliya ya ce ba zai cuci 'yar mutane ba. Da ya yi shiru ya auri wata baiwar Allah ya bar ta tana kuka a ɗaki, da yanzu yana zaune a bencin gaba ba mai ce masa kanzil.

Na uku, maganar dammuna. Nan ne hannuna ya shiga.

Kun san gonar ikilisiya. Matasa ke nome ta da gayya tun daga shuka har girbi, mu mata mu dama musu kunu, tunda mun bar giyar da iyayenmu ke yi wa gayya. In dawa ta bushe su yanke zangarniya su ɗaure dammuna, ranar Godiya a shigo da su a ka ana waƙa, a jera gaban bagade a yi addu'a, sannan a zuba a rumbun ikilisiya. Daga rumbun nan fasto yake ci, gwauraye irina suke ci, da duk wanda nasa rumbun ya ƙare kafin sabon hatsi. Bana Iliya yana cikin masu ɗauri, kuma ba wanda ya kai shi sauri.

Takardarku ta iso ana gab da Godiya, dammuna na jibge a harabar majami'a. Bayan an karanta ta sai wani dattijo ya miƙe ya ce, hatsin da hannun irin wannan mutum ya ɗaure, ya dace a ajiye shi gaban Ubangiji? Ba ku kuka ce a yi haka ba, na sani. Amma ku kuka kunna wutar, kuma a ƙauye in manya suka ce a yi taku ɗaya, akwai wanda zai yi gudu don a gan shi. Aka yanke shawara a ware dammunan Iliya. Matsalar ita ce an riga an cakuɗa su. Aka tambayi matasa, suka yi gum. Aka matsa wa Markus, ya ce, "Baba, dawa ce dai, duk daga gona ɗaya ta fito." Dattawa suka zagaya tarin suna ɗaga wannan suna ajiye wancan, rana na dukansu, har wani ya fara cewa a haƙura a bar zancen.

Da na riƙe bakina, da maganar ta mutu a nan. Ba wanda ya tambaye ni. Ni ce na ajiye ludayin kunun da nake damawa na ce, ai gane su ba wuya. Iliya bahago ne, igiyarsa ta hagu take zagayawa, kuma yakan soke bakinta ta ƙarƙashi inda na dama ke sokewa ta sama. Tun yana ɗan yaro yake ɗaure mini dami a gayaunata, ko ido a rufe na taɓa ɗaurinsa na sani. Na bi tarin nan ina taɓawa ina cewa ga wannan, ga wancan, ana janyewa gefe. Markus na tsaye yana kallona. Iliya ba ya wurin, an riga an ce kada ya shigo haraba.

Za ku so ku san dalili. Da safiyar ranar fasto ya gaya mini cewa muddin Markus na ƙarƙashin horo ba za a ɗaura aurensa da Rifkatu ba, auren da muka sa ran yi bayan girbi. Na so dattawa su ga cewa gidan Bitrus yana tare da su, ko yaro ya kauce uwarsa ba ta kauce ba. Wannan shi ne dalilin da nake gaya wa kaina. Akwai na biyu, wanda ya fi muni, kuma tunda na fara sai in ƙarasa. Na ji daɗi na san abin da dattawa suka kasa sani. A lokacin da nake taɓa dammunan nan har wata 'yar fankama nake ji, Allah ya gafarta mini.

Aka kwashe su aka jingina a bayan majami'a. Ba a shigar da su rumbu ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin ɗauka ya kai gida. Awaki suka fara, kaji suka bi, gara ta shigo ta ƙasa. Wannan fa a ƙauyen da bai gama farfaɗowa daga fari ba, inda na san gidajen da ba a ɗora tukunya sau biyu a rana. Maƙwabcinmu Malam Ado, Musulmi ne, mun yi shekaru muna aron galma da juna, ya zo wucewa a kan kekensa ya tsaya ya daɗe yana kallon awakin. Ya ce mini, "Hannatu, halan hatsi ya yi maku yawa bana?" Sai na yi kamar ina korar awaki.

Rabaran, muna da waɗanda suka zauna bencin baya saboda burkutu. Muna da wanda ya yi wa yarinya ciki ya musa har sai da jaririn ya fito da kunnuwansa. Ba zan kama suna ba, don rufin asiri. Duk an hore su, an dawo da su, kuma duk tsawon horon ba wanda ya ce a ware damin da suka ɗaure. Ni kuma, fiye da kowa, bai kamata in yi abin da na yi ba. Bamaguza aka haife ni. Na tuna ina yarinya, in mun kai itace gari muka roƙi ruwa, a wasu gidajen akwai wani tsohon ƙoƙo da ake ajiye mana dabam a bakin zaure. Na san yadda ruwan ƙoƙon nan yake a maƙogwaro. Abin da ya fara jan uwata zuwa majami'a shi ne ta ga ana shan ruwa a moɗa ɗaya. Sai ga 'yarta da furfura tana ware wa wani.

Na huɗu, yadda Iliya ya bar gari.

Dattawa suka gaya wa Markus hanyar fita guda ce. Ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya sanar cewa zumuntar matasa ta cire Iliya, nan take a ɗage horon a sa ranar aure. Markus ya ce ba zai iya ba. Uban Rifkatu mutumin kirki ne, amma ya aiko cewa 'yarsa ba za ta zauna jira har abada ba, ga wani malamin makaranta daga Danja yana ta sintiri. Ita yarinyar Markus take so, ta rame, ko waƙa ta daina fita. Sai na sa ɗana a gaba. Na yi kuka, na yi faɗa, na ƙi cin abinci, na tuna masa wahalar da na sha a kansa bayan ubansa ya rasu. Ba irin makamin uwa da ban ɗauko ba. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Inna, ke kika zuba mana a kwano ɗaya. Yanzu ni zan tashi in ce ban san shi ba?"

Da na ga ɗana ba zai tanƙwaru ba, sai na nufi wanda na san zai tanƙwaru. Na sami Iliya da rana tsaka yana gyaran dangar gidan ubansa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya durƙusa ya gaishe ni. Ban ce masa ya tafi ba. Ina so ku lura da wannan, don irin wayon da muke yi ke nan, mu masu zuwa majami'a. Na zauna ne kawai na yi ta ba shi labarin damuwata, yadda na tara kayan aure, yadda nake tsufa, yadda nake so in ga jikan autana kafin in bi Bitrus. Na yi ta kewaye-kewaye ina share hawaye. Yana saurare yana murza igiya a hannunsa. Da na gama ya ce, "Inna, kada ki damu. Na gane." Ranar kasuwa ta gaba ya kulle ɗakin ubansa ya hau a-kori-kura.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku. Da aka ce mini ya tafi, wani sanyi na ji a raina. Na ci tuwo na ƙoshi, na yi barci mai daɗi. Yaron da na goya a bayana na kore shi daga gidan ubansa da hawayena, kuma na yi barci.

Ban ma ci ribar komai ba. Dattawa suka ce tafiyarsa ba ta wadatar ba, sai Markus ya yi sanarwar da bakinsa. Markus ya ce sunan Iliya yana nan, wurinsa yana nan. Matasa suka goya masa baya, yanzu bencin baya ya cika har ana ƙaro da bencin makaranta, gaba kuma sai mu tsofaffi muna jan waƙa da muryoyin da suka gaji. A gida ɗana yana gaishe ni da safe, yana cin abin da na dafa, yana kai mini itace. Amma ya daina zama hira da ni, kuma in ina magana ƙasa yake kallo. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na biyar, abin da na gani a Funtuwa.

Makon jiya na bi matan da ke kai gyaɗa, na sauka a tasha na yi ta tambaya har aka nuna mini rumfar. Ban taɓa shiga irin wurin ba. Na same shi a bayan manyan tukwane, hayaƙi ya rufe shi. Da ya gan ni ya saki ludayi ya zube ƙasa yana gaisuwa, a gaban direbobi da 'yan kamasho. Abokan sana'arsa suka taso da shewa da tafi, wani ya goge mini benci da ɗankwalin da ke kafaɗarsa, suna cewa ga uwar Iliya ta zo, ga uwar Iliya. Ashe haka ya gaya musu, cewa yana da uwa a ƙauye mai suna Hannatu, ita ta koya masa miya. Aka cika mini kwano da shinkafa da nama.

Abin da ya fara tambayata shi ne ko an sa rana. Na ce ba a sa ba. Fuskarsa ta canza, ya ce, "To me ya rage kuma, Inna? Ba na tafi ba?" Na gaya masa yadda ake ciki. Sai ya ce in gaya wa Markus ya yi sanarwar kawai, shi ba zai riƙe shi a zuciya ba, kada ya rasa Rifkatu a kansa. Na tattara ƙarfina na tambaye shi ko ya san wanda ya nuna dammunansa. Na zo ne da niyyar in faɗa da bakina, amma tsoro ya sa na mai da shi tambaya. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Inna, wa zai gane ɗaurina in ba ke ba?" Tun ranar ya sani. Ya sani sa'ad da yake shimfiɗa mini tabarma. Na yi kuka a tsakiyar tashar Funtuwa har mutane suka ɗauka mutuwa aka yi mini.

Ban ce rayuwar da yake yi a can ta yi mini ba. Na ga abin da na gani, na ji irin maganganun da direbobi ke jefa musu. Amma can ɗin mu muka tura shi, sau biyu. Ya dawo da kansa ya ce yana so ya zauna inda ake addu'a, muka mai da shi tasha, sannan za mu zauna muna girgiza kai muna cewa ga inda ya ƙare.

Da na dawo na gaya wa Markus komai, har da saƙon Iliya cewa ya yi sanarwar. Na kuma gaya masa nawa saƙon, cewa na janye duk abin da na ce, kada ya yi. Na san abin da wannan zai iya jawowa. Uban Rifkatu ya ce zai jira zuwa bayan Kirsimeti, daga nan ba ruwansa. Ina iya rasa surukar da nake so, ɗana ya rasa matar da yake so, kuma in hakan ta faru zan ji zafinsa har kabarina. Amma na gwada ɗaya hanyar, na san ɗanɗanonta.

Saboda haka ga roƙona gare ku, da dukan girmamawa.

Ku ɗage horon da ke kan Markus da 'yan'uwansa matasa, ku bari a ɗaura auren. Ba su yi sata ba, ba su yi ƙarya ba, ba su ɓoye muku komai ba. Abin da muka koya musu tun suna ajin Lahadi shi suka yi, sai dai sun ɗauke shi da gaske fiye da yadda muka zata.

Ku bar Iliya ya zauna a cikinsu. In akwai koyarwa ku koya masa, in akwai tsawatarwa ku tsawatar, aikinku ne, ban hana ba. Amma ku zo ku yi ta kusa, ku zauna da shi ku ji daga bakinsa. Har kuka yanke hukunci ba ɗayanku da ya taɓa ganin fuskarsa. Ban yi muku alkawarin zai canza ba, shi ma bai yi ba. Ni kaina shekara da shekaru ina zuwa majami'a, kun dai ji abin da ya rage a cikina, ba a kuwa kore ni ba.

Ku rubuta wa dukan ikilisiyoyi cewa kada a sake ware hatsin kowa, ko kwanonsa, ko moɗarsa. Wannan gundumar ba ƙauyenmu kaɗai ke da irin Iliya ba, kun sani na sani, kuma yanzu duk suna kallo su ga abin da ake yi wa wanda ya faɗi gaskiya.

In kuwa dole sai wani ya zauna bencin baya a kan wannan magana, ga ni. Ku rubuta sunana, a karanta a kan mumbari, a faɗi dalili: Hannatu matar Bitrus ta ɓata hatsin ikilisiya, ta kori maraya daga gidan ubansa. Ba zan yi gardama ba. Ko ba ku rubuta ba, tun Lahadin da ta wuce can na koma da zama, kuma ban miƙa hannu ga gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji ba.

Ina yi muku addu'a Allah ya ƙara muku lafiya da hikima, ya ba ku haƙurin sauraron tsohuwa, ya kiyaye ku daga irin saurin bakin da na yi. Na san nauyin da ke kanku ba ƙarami ba ne, kuma na san tsoron Allah ne ya sa kuka yi abin da kuka yi, ba mugunta ba. Ubangiji ya yi mana jinƙai gaba ɗaya.

Saura magana ɗaya. Da Iliya ya rako ni bakin mota, ya ce in Allah ya sa an yi bikin yana so ya dafa abincin Markus da hannunsa. Ya ce zai zo ta bayan gida, ya yi girkinsa a bayan rumbu, ya tafi kafin baƙi su taru, ba wanda zai san ya zo. Na ce masa a'a, in zai zo ta zaure zai shigo, ya zauna cikin dangi. Ya ce, "To majami'a fa, Inna? In tsaya waje?" Mota ta tashi ban ba shi amsa ba. Ƙofar gidana tawa ce, na buɗe masa. Waccan kuwa a hannunku take, kuma yaron yana jira in koma in gaya masa.

Wassalam, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ni ce 'yarku cikin bangaskiya,
Hannatu matar marigayi Bitrus.